Mun San Shekarun Rago, Ba Mu San Na Uwa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Talata Mafara ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla ya ga yadda mutanenmu ke sayen ragon layya. Mai saye ba ya yarda da bakin dillali. Sai ya durƙusa, ya kama haɓar rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, domin ya ji malamai sun ce dabbar da ba ta kai shekarunta ba, ba ta isar wa layya komai ƙibarta. Na sha ganin dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya fasa ciniki saboda haƙori. Amma wannan dattijon, in ka tambaye shi shekarun 'yarsa da ke ɗaki da cikin fari, sai ya ce, "Ai ta girma." In ka tambaye shi shekarun uwargidansa da ke ɗauke da ciki na goma sha ɗaya, sai ya yi dariya ya ce, "Wa ke ƙidayar shekarun mata?"

A kan wannan dariyar nake son yin magana. Abin da nake da'awa shi ne, shekarun mace a ranar da ta durƙusa naƙuda suna cikin manyan abubuwan da ke yanke ko za ta tashi lafiya, ko ta tashi da nakasa, ko a tashe ta a makara. Haɗarin kuwa baki biyu gare shi: yana cin wadda ta fara da wuri ƙwarai, yana cin wadda ta daɗe ba ta tsaya ba. Mu maza, waɗanda ke yanke ranar aure, da ranar tarewa, da ranar zuwa asibiti, mun ƙi sanin wannan da gangan, domin saninsa zai ɗora mana nauyi. Ban faɗi haka daga kan tudun tsira ba, don ni ma ina cikin masu laifin.

Ƙanwata, wadda muke uba ɗaya, tana da shekara 14 aka ɗaura mata aure a garinmu Birnin Tudu. Ni na raba goro a ƙofar gida, ina ta murna. Kafin shekara ta zagayo ta dawo gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta daren Alhamis, amma kunyar fari ta hana ta faɗa, ta kwana tana cizon zane. Da gari ya waye aka kira ungozoma, aka ba ta rubutu, aka ce ta yi haƙuri, haka fari yake. Daren Jumma'a Inna ta iske mahaifinmu a zaure ta ce, "Malam, ɗiyar nan fa abin ya ƙi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ka bin hanya da dare yanzu? A bari gari ya waye." Ban ga laifinsa a kan tsoron hanya ba, domin kowa ya san abin da dare ya zama a ƙasarmu. Ranar Asabar da hantsi muka isa asibiti, aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji ba rai. Bayan kamar mako guda sai tabarmarta ta fara jiƙewa, fitsari na zuba ba ta san fitarsa ba. Mijinta ya aiko cewa ta zauna gida har ta warke. Bayan wata huɗu ya aiko da takarda.

Shekara biyu bayan wannan, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta sami ciki na goma sha ɗaya, ta haura shekara arba'in. Ba wanda ya damu, domin ita gwanar haihuwa ce, takan haihu ita kaɗai ta yanke cibi kafin ungozoma ta iso. Haka kuwa aka yi, ta haihu tsakanin Magariba da Lisha. Sai dai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Kafin a sami mota, kafin motar ta hau kwalta, Gwaggo ta cika. A wurin zaman makoki maganar kowa ɗaya ce: kwana ya ƙare. Jaririyar da ta bari ba ta kai arba'in ba.

Gida ɗaya, mace biyu, ɗaya a farkon hanya ɗaya a ƙarshenta. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin tsautsayi biyu da ba su haɗa komai ba. Daga baya na gane cewa likitoci sun daɗe da sanin dalilan duka biyun, kuma dalilan ba su fi ƙarfin fahimtar mai duba haƙoran rago ba.

Yarinya takan fara al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Tsawonta kan kusa tsayawa, ƙirjinta ya cika, ido ya ga mace, amma hanyar da ɗa zai bi tana ci gaba da faɗaɗa har wasu shekaru bayan haka. Idan yarinyar ta tashi cikin ƙarancin abinci da yawan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda 'ya'yan talakawanmu da yawa ke tashi, ƙugun yakan fi zama matsattse. Ranar naƙuda mahaifa na turo ɗa, ƙashi ya tare shi. Kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi, awa bayan awa, har jini ya daina kai wa naman wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar rami tsakanin mafitsara da farji. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma mafi yawan jariran da aka yi irin wannan naƙudar a kansu ba sa fitowa da rai. Ban da wannan, jijjiga, wadda hawan jinin masu ciki ke kawowa, ta fi kama masu cikin fari da ƙananan shekaru, ita ce muke gani mu ce iskoki ne, mu tafi neman hayaƙi. 'Ya'yansu kuma sun fi zuwa bakwaini ko marasa nauyi.

A ɗaya bakin kuma, mahaifar da ta ɗauki ciki takwas, tara, goma, takan saki kamar tsohuwar jaka. Bayan haihuwa aikinta ne ta dunƙule ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. In ta gaza, jini zai zuba kamar an buɗe famfo, kuma yana iya kashe mace cikin awa biyu. Macen da ta wuce shekara 35 ta fi fuskantar hawan jini, da ciwon sukari na masu ciki, da mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, da ɗa ya kwanta a gicciye, da tagwaye. Kakanninmu sun lura da wannan tun kafin zuwan asibiti, shi ya sa suka ce haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Mun riƙe karin maganar muna yi wa juna ba'a da ita, mun yar da gargaɗin da ke cikinta.

Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne da aka auna a jikin matan Turawa. A jikin matanmu aka auna shi. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Sun tarar mutuwa ta fi yawa a rukuni biyu: 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da manyan mata masu yawan haihuwa. Sun tarar kuma waɗanda aka kawo a galabaice ba tare da sun taɓa zuwa awo ba su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Akwai wani abu da suka gano wanda har yau yake girgiza ni: 'yan mata masu cikin fari da aka riƙa ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ma'ana, yarinyar tana girma, ɗan cikinta yana girma, su biyu suna rabon tuwo ɗaya. A Zariyar dai, Dakta Tahzib ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari, ya tarar kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Sama da shekara arba'in ke nan da wannan ilimin yake a rubuce, kuma tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da inda aka rubuta shi.

Me muka yi da shi? Mun yi gardama. Kuma gardamar da ta fi kowace amo a ƙasar nan, daga ƙaramar hukumarmu ta Bakura ta samo jagora. A 2010 jaridu suka ruwaito cewa Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura, tsohon gwamnan Zamfara, ya auri wata yarinya 'yar ƙasar Masar da aka ce shekarunta 13, shi kuma ya tsaya a kan cewa bai saɓa wa shari'ar Musulunci ba. A watan Yulin 2013, lokacin gyaran tsarin mulki, Majalisar Dattawa ta so cire sashe na 29(4)(b), wanda ke ɗaukar duk matar aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma. Yarima ya ƙalubalanci cirewar, aka sake ƙuri'a, sashen ya tsira. Ƙasa ta ɗauki zafi. Masu fafutika a Legas da Abuja suka yi ta zagin Arewa, mu kuma muka yi ta kare kanmu, kowa na ganin ya yi jihadi. Abin dariya, abin kuka, sashen da aka yi rigimar a kansa yana magana ne a kan wanda ya isa ya ajiye zamansa ɗan ƙasa. A duk tsawon rigimar ban ji wanda ya tambayi nisan da ke tsakanin ƙauyukan Maradun da ɗakin tiyata mafi kusa ba, ko jaka nawa ta jini ke ajiye a asibitocinmu. Aka tashi daga muhawara, ƙugun 'yan shekara 14 bai ƙara faɗi ba.

Ina da magana da ɓangarorin biyu. Masu fafutika sun ga ƙanwata, ba su ga Gwaggo ba. Hoton yarinya da lulluɓi yana jawo tausayi da tallafi, hoton mace mai shekara arba'in da 'ya'ya goma ba ya jawo komai. Alhali wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashe 144, ya nuna cewa ko da yake haɗarin mutuwa wajen haihuwa ya ɗan fi yawa ga 'yan shekara 15 zuwa 19 a kan 'yan 20 zuwa 24, ya fi tsanani ga matan da suka wuce 30, yana kuma ƙaruwa da ƙaruwar shekaru. Wanda ya damu da ran mace da gaske, ba zai daina damuwa ranar da ta cika 18 ba.

Mu kuma na gida, hujjojinmu huɗu ne, kuma na san su domin na taɓa faɗinsu da bakina.

Ta farko, a ce addini bai yanke shekarun aure ba. Na ji. Amma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun raba ɗaurin aure da tarewa, sun kuma ɗora tarewa a kan jikin yarinya ya iya ɗauka. Ƙa'ida ce sananna a shari'a cewa ba a cutarwa, kuma cuta kawar da ita ake yi. Halaccin abu bai taɓa zama izinin halaka wani da shi ba. Azumi farilla ne, amma an sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa idan suka ji tsoron cutuwa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, wadda in an bi ta, ita kanta hutu ce ga mahaifa. To, da wace hujja muke ɗaukar rangwamen da ya yi mana daɗi, mu bar sharaɗin da ya kare ta? A nan ƙasar Zamfara aka taɓa sukar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo saboda barin mata su halarci wa'azinsa, bai fasa ba, domin a wurinsa barinsu cikin jahilci shi ne babban laifi. Ba na jin mai wannan ra'ayi zai yarda a bar su cikin jahilcin jikinsu.

Ta biyu, a ce kakanninmu sun haihu suna 'yan shekara 13, ga su nan garau. Gaskiya ne, ga su nan. Waɗanda ba su tsira ba fa, ina za mu same su mu ji ta bakinsu? Maƙabarta ba ta ba da shaida. Ka zauna da kowace tsohuwa a Birnin Tudu ka ce ta lissafa maka ƙawayenta na dandali da suka tafi a haihuwar fari, za ka ga yatsunta sun ƙare ba ta gama ba.

Ta uku, a ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai manomin shinkafa a filayen Bakolori bai taɓa barin gonarsa ba ruwa ya ce in Allah ya ƙaddara za ta yi ba. Yakan tashi da asuba ya bi ƙorama, ya yi faɗa a kan layin ruwa, ya ci bashin taki. A gona mun san sababi, a ɗakin haihuwa ne kawai muke tuna tawakkali. Wannan tawakkalin da ba ya tashi sai inda kuɗin mota zai fita daga aljihunmu, ya kamata mu binciki sunansa na gaskiya.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Uba zai ce, "In ban aurar da ita ba, ina zan kai ta?" A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Satumba na shekarar aka kwashe wasu ɗaliban a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu. Uban da ya ga wannan, ya ga rumbunsa ba kome, ya ga gonarsa ta gagara zuwa, in ya ce ɗakin miji ya fi masa kwanciyar hankali, ba mahaukaci ba ne. Amma ina roƙonsa ya dubi abin da ya yi: ya tsame ta daga haɗarin da ake shelarsa a rediyo, ya jefa ta cikin wanda ba a shela. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Babu ɗan bindigar da ya taɓa kashe adadin nan a shekara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kusan uku cikin kowane goma na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Arewa maso Yamma sun haihu ko suna da ciki. In tilas ta sa an ɗaura, me ya hana a jinkirta tarewa? In an tare, me ya hana a nemi shawarar ma'aikatan lafiya a jinkirta cikin fari har jiki ya nuna?

Adalci ya sa in ƙara da cewa shekaru kaɗai ba sa kisa. Shekaru ne ke haƙa ramin, jinkiri ne ke tura mace ciki. Da ƙanwata ta isa asibiti daren farko, da an ciro ɗanta da rai, mafitsararta lafiya. Da Gwaggo ta haihu a gaban ungozomar asibiti, akwai allura da ƙwayoyi masu araha da ke sa mahaifa ta dunƙule. Jijjiga ma tana da allurarta, kuma awon hawan jini na nuna ta tun kafin ta faɗo. Saboda haka amfanin sanin shekaru shi ne sanin wadda bai kamata ta haihu a gida ba ko kusa. Yarinyar da ba ta kai 18 ba mai cikin fari, da macen da ta wuce 35, da wadda ta haihu biyar ko fiye, waɗannan tun watan tara bai kama ba ya kamata a san motar da za ta ɗauke su, da kuɗin manta, da ɗan'uwan da zai ba da jini. Inda hanya ba ta biyuwa da dare, a kai ta gidan dangi kusa da asibiti tun da sauran kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, ta wuce aikin haƙuri da rubutu.

Hukuma kuma kada ta ɓuya a bayan laifinmu. Ana gyaran yoyon fitsari a Gusau da Sakkwato da Kano, da Babbar Ruga ta Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya share shekaru yana ɗinke dubban mata, har da Danja kusa da Maraɗi. Allah ya saka wa masu wannan aiki. Amma yawan wuraren gyara shaida ce a kan yawan ɓarna. Abin da muke bukata a Bakura da Maradun da Talata Mafara shi ne ungozomar da ke kwana a bakin aiki, da ɗakin tiyata mai wuta, da jini a ajiye, da makarantar da uba zai kai 'yarsa ya yi barci. Limamai kuma, waɗanda ke koya mana shekarun ragon layya kowace shekara ba gajiya, su ware huɗuba ɗaya a kan shekarun uwa. Masu unguwanni su sa a riƙa rubuta ranar haihuwar kowace jaririya, domin "ai ta girma" ta daina zama ma'auni.

Mutanen Birnin Tudu ba baƙin tsayawa a kan hakki ba ne. A watan Afrilun 1980 iyayenmu manoma suka tsaya a kan gonakinsu da aikin madatsar Bakolori ya ci ba a biya su yadda ya kamata ba, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, har yau ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu. Muna tuna su, muna ba 'ya'yanmu labarinsu, kuma ya dace. Amma daga wannan shekara zuwa yau, mata nawa aka fitar daga ɗakunan garin nan a naɗe cikin tabarma, da jariri ko ba jariri? Su ba su da wata, ba su da shekara, ba a ma yi jayayya a kan adadinsu ba, domin ba wanda ya ƙirga. Mun iya mutuwa saboda gona, mun kasa kashe kuɗin mota saboda wadda ta haifi manomin.

An yi wa ƙanwata gyara bayan shekara biyu tana wanke tsumma a ɓoye, tana ƙin shan ruwa don kada ta jiƙe a gaban mutane. Ta warke, ta sake aure, tana da 'ya'ya biyu, duka a asibiti aka ciro su. Kwanan baya na kai mata ziyara, na tarar tana yi wa babbar 'yata kitso, yarinya 'yar shekara 12. Na fara yi mata irin wannan dogon bayanin nawa, ina zargin dattawa da hukuma. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago kai daga kitson ba, sannan ta ce, "Yaya, ai kai ma ka raba goro." Ta ja wani silin gashi ta ƙara da cewa, "Wagga dai, ka san shekarunta. In an zo tambaya, kada ka ce ta girma."